Wutarmu Awa Biyar Ce

Wata rana cikin watan Agusta, ruwa ya cika wata madatsa har ya kusa taɓa baki.

A ƙasanta akwai gonakin shinkafa na ƙauyuka uku, saura mako uku a yi girbi.

Kwamitin madatsar ya ce zai zauna ranar Alhamis. In ba a kawo lissafin da ya nuna bangon zai jure ba, za a buɗe ƙofofin duka. Shinkafa ta tafi ke nan.

Lissafin nan kuwa yana hannun wata injiniya, Ramlatu, wadda shekararta biyu kacal a ofishin.

Ga inda matsalar take. Manhajar lissafin da suke amfani da ita tana cin awa goma sha uku kafin ta ba da amsa. Wutar gari ta yi kwanaki babu labarinta. Solar ofis kuma, da hadarin damina, awa biyar take riƙe kwamfutar, sai ɗif.

Litinin ta kunna, kwamfutar ta mutu a hanya. Talata ma haka.

Ranar Laraba da safe, takaici ya sa ta buɗe wurin da ke nuna yadda kwamfutar ke aiki. Abin da ta gani ya ba ta haushi. Ashe ƙwaƙwalwa takwas ce a cikin na'urar. Guda ɗaya na ta haƙilo kamar jakin da aka yi wa lodi, bakwai na zaune sun harɗe ƙafa.

Ta bi takardun manhajar layi-layi. Ashe tana iya raba lissafi gida takwas, a yi shi lokaci guda. Masu ita ne suka bar wannan damar a kashe, sai wanda ya so ya kunna.

Ta je ta sami shugabanta, Injiniya Haladu, mutumin kirki amma mai tsoron taɓa abin da ya tarar.

Ya ce, "Ramlatu, waɗanda suka rubuta manhajar nan sun fi mu sani. Da alheri ne, da sun kunna da kansu."

Ta ce, "Yallaɓai, su wutarsu ba ta ɗaukewa. Tamu awa biyar ce."

Sai ya ɗaga mata hannu, alamar je ki gwada.

Kada ku ɗauka nan take komai ya yi daidai. Ina! Gwajin farko ya fito da amsa, na biyu ya fito da wata daban. Ga shi kuwa rayukan mutane ne a ƙasan bangon nan.

Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ja da baya ba. Ta zauna ta gano cewa su takwas ɗin allo ɗaya suke rubutu a kai, wannan na goge na wancan. Sai ta ba kowa allonsa, in sun gama a haɗa.

Ta gwada da ruwan bara, wanda an riga an san amsarsa. Ya yi daidai. Ta sake, ya sake yin daidai.

Sannan ta sa na bana. Awa biyu ba ta cika ba amsa ta fito, batir ko rabi bai ci ba.

Bangon zai jure, muddin aka buɗe ƙofa ɗaya rabi.

Haka kwamiti ya yi. Shinkafa ta tsaya a gonakinta har aka yanke ta.

Bayan girbi wani dattijo ya zo ofishin da ƙullin sabuwar shinkafa a bayan kekensa. Ya ce ya ji labarin an kawo sabuwar na'ura daga waje, ita ta cece su, yana so ya gan ta da idonsa.

Injiniya Haladu ya miƙe tsaye, ya ce, "Baba, na'urar tsohuwa ce, shekara shida muna tare da ita. Ga wadda ta tashe ta daga barci."

Wallahi duk sanda na tuna wannan, sai in ji kaina ya yi girma. 'Yarmu ce, a nan ta yi karatu.

Darasi: Wanda ya ƙera abu bai san halin da kake ciki ba, kai ka sani. Kafin ka ce kayan aikinka sun gaza, duba ko akwai bakwai da ke barci a ciki. In ka tashe su kuma, gwada amsarsu sau biyu.

Tura wa wanda ka san an taɓa ce masa "bar shi yadda muka same shi."