Shuɗiyar Waya Zuwa Ɗakin Inna

A gidanmu da ke wajen Guci, rezo, wato sabis ɗin salula, ba ya shiga ɗaki. A saman zaure kaɗai ake samunsa, shi ma sai ya ga dama. Ɗakin Inna kuwa can ƙuryar gida yake, ginin ƙasa mai kauri. A nan take kwance daminar da ciwon baya ya kayar da ita, ciwon da ko juya ta aka yi a kan tabarma sai ta ciji bakin zanenta.

Yayana, ɗanta na fari, yana Libiya. Ba da yardarta ya tafi ba. Cewa ya yi zai je kasuwar Dungas, sai daga Agadas aka ji muryarsa. Ba shi da takardu, ba halin dawowa, kuma mai gidansa ba ya sakinsa sai bayan sallar Juma'a, na ɗan lokaci. Da ya ji jikinta ya yi tsanani, abu ɗaya ya dame shi: ta ce ta yafe masa. Ita kuma ta kafe cewa ba ta yafiya ta bakin ɗan aike, ba ta yi a saƙon murya. Sai ta ga idonsa, ko da a gilashi ne.

Ni ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Magarya, don haka 'yan gidanmu suka ɗauka babu abin da ban sani ba. Alhali wani mai gyaran ordinata, wato kwamfuta, a bakin tasha ne ya ɗora ni a hanya. Ya ce akwatin wifi ya hau saman zaure da batirinsa, daga nan a ja waya har ɗakin mara lafiya a soka a ordinata, tunda idonta ba ya ganin fuska a salula. Ya fere bakin shuɗiyar wayar ya nuna mini cikinta: silli takwas ne, a murɗe biyu-biyu, kowane da launinsa da hanyarsa. In ɗaya ya taɓa ɗan uwansa, magana ta ƙare. Ya matse mata kai a kowane gefe, ya ce in na soka na ga koriyar fitila tana ƙiftawa, to hanya ta buɗe.

Saboda awaki, binne ta muka yi a gindin katanga, ni da Baba. Shi tukar igiyar kaba ce sana'arsa bayan noma, duk igiyar guga a ƙauyenmu daga hannunsa ta fito. Ya ja wayar tsakanin hannayensa, ya taɓe baki ya ce ba ta da ƙwari.

Juma'ar farko fitila ta ƙifta, fuskar yayana ta cika gilashi. Ya rame, ya tara gemu. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ƙura masa ido a gaban mutane ba, kunyar ɗan fari. Ranar nan ta kalle shi har na kawar da kaina. Yana kuka yana neman gafara, ita kuma tana tambayata ko yana samun abinci. Da lokacinsa ya kusa ƙarewa ta juyo wajena.

"Ka ce wa yaron nan, Juma'a mai zuwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na faɗa mata bayan ya kashe. Ta ce in ta yafe yau, me zai sa ya sake kira?

A tsakiyar makon aka tafka ruwa. Na iso ranar Juma'a a motar kasuwa, taɓo har gwiwa, na soka waya, fitila ba ta ƙifta ba. Na zare, na hura, na mayar. Na hau zaure, akwati lafiya lau. Na tambayi Baba ko wani abu ya sami wayar, ya ce in kwantar da hankalina, lafiyarta ƙalau. Kiran yayana ya shigo salulata ina tsaye a zaure, ƙarƙashin akwatin wifi. Muka gwada ɗaga Inna da tabarmarta mu kai ta zaure, ta yi wata ƙara da har yau ba na son tunawa, muka ajiye ta. Haka na riƙa kai kawo tsakanin zaure da ɗaki kamar ɗan aiken da ta ce ba ta so, yana roƙo a can, tana girgiza kai a nan, har aka karɓe masa salula.

Na koma Magarya na sa a haɗa mini sabuwar waya. Ba ta yi amfani ba. Inna ta rasu kafin Juma'a ta zagayo.

Bayan sadakar bakwai na shiga tone tsohuwar wayar in naɗe. A daidai inda ruwan gida ke fita ta ƙarƙashin katanga, hannuna ya ci karo da wani kumburi, an naɗe shi da robar taya tsaf. Na kwance. An fere silli takwas ɗin gefe da gefe, an tuke su wuri guda, jan ƙarfe yana ƙyalli, tuka mai kyau irin wadda na tashi ina gani a bakin rijiya.

Baba yana bayana ban sani ba. Ya ce ranar ruwan nan yana buɗe hanyar ruwa, hauya ta datse ta. Bai so hankalin Inna ya tashi ba, kuma bai ga abin faɗa ba tunda ya gyara. Ya ce in ja in gani, ta fi yadda take da. Na ja. Ba ta tsinke ba.

Ya daɗe yana kallon fuskata, sannan muryarsa ta canza.

"Ba dai ita ce ta hana ba ko?"

Na dubi hannuwansa, duk kanta. Na ce a'a Baba, rezo ne, ka san halinsa da damina. Ya yi hamdala, ya koma zaure.

Yayana har yanzu yana kira ranar Juma'a, fitila tana ƙiftawa a sabuwar wayar da na ja har ɗakin, ban san dalili ba. Yakan yi ta zagaye-zagaye, gero, ruwa, lafiyar Baba, daga ƙarshe ya tambaye ni ko ta bar masa wata magana kafin ta cika. Shi ban iya yi masa ƙarya ba. Abin da ta ce nake faɗa masa: Juma'a mai zuwa.