Inna Ba Ta Gane Muryar Baba Ba

Jiya da hantsi na kunna wa Inna muryar Baba, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gidanmu na Karare.

A tsohuwar wayata na tsinto ta. Na ɗauke ta tun kafin ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Shekara huɗu ya yi yana magana kamar da ruwa a bakinsa, Inna ce kaɗai ke fassara mana, har Allah Ya karɓi abinsa.

Murya ta fito garau, yana faɗa a kan iyakar gona. Inna ta saki gyaɗar.

"Wane ne wannan?"

"Baba ne mana, Inna."

"Kashe. Malam ba ya magana da sauri haka. Shi kowace kalma sai na tsaya na tsince ta, shi ya sa duk suna nan a kaina. Wannan ban riƙe komai ba."

Ni ma na rufe ido na nemi muryarsa, sai mai nauyin ta zo. Ta cikin wayar kuwa baƙuwa ce.

Allah Ya jiƙan Baba. Ku da kuka rasa iyaye, wace murya ce ta rage muku?