Jan Wutar Jirgin Sirajo

Sirajo ɗan riwaya ne, wato mai gyaran wutar babura da keke napep, a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. A Zurmi aka haife shi, a Shinkafi ya koyi sana'a wurin wani kawunsa, sannan ya dawo Kaura da matarsa Yalwa lokacin da zuwa gona ya fara zama abin tsoro. Rumfarsa tana kallon ƙofar gidana. Ni kuwa tsohon ma'aikacin reluwe ne, na sashen sigina, saboda haka yake ce mini Baba Sigina.

Hannunsa yana da kyau, wannan ba a ja. Babur ya mutu murus, Sirajo ya taɓa shi ya tashi. Sai dai tun yana yaro abin da ke ransa daban ne, jirgin sama. Duk abin da ya wuce ta sama sai ya ajiye filaya ya ɗaga kai har ya ɓace. Da ya samu kango kusa da rumfarsa, sai ya fara haɗa nasa. Gangar jikin ta faif ce ta ƙarfe, fikafikan na kwanon rufi, wutsiyar kuma katako ce da ya lulluɓe da kwano mara nauyi. Injin na wani babban babur ne da ya yi hatsari. Farfelar, wato fankar gaba, wani masassaƙi ne ya sassaƙa masa ita.

Ranar da ya fara tayar da injin a cikin kangon, iskar farfela ta kwashe shanyar maƙwabta, ta cilla tsakuwa ta fasa goshin wata tsohuwa, Gwaggo Turai, da ke wucewa da ƙullun koko. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce kada a sake tayar da wannan abu a cikin gari. Tun daga ranar jirgin ya zama bebe. Mutane suka sa masa suna Akurki, don kaji sun fara kwana a ƙarƙashin fiffikensa. Wasu ma cewa suke yi babu inji a ciki, buhun ƙaiƙayi ne.

Wannan magana ita ce ke cin Sirajo. Bai ce zai tashi sama ba tukuna. So yake kawai ya tayar da injin a gaban jama'a, ya zagaya fili, a gani da ido.

Dama ta zo da aka shirya baje kolin sana'o'in hannu bayan kaka. Shugaban kwamitin, Malam Na'ibi, tsohon malamin makaranta ne da ya taɓa zuwa aikin hajji sau biyu, ya kuma lura da jirage. Ya zo ya duba Akurki, ya ce ya yarda, amma da sharaɗi guda. Sai an sa jan fitila a saman wutsiya, mai ƙiftawa, wadda za ta kama kafin farfela ta juya, domin kowa ya ja da baya. In babu ita, ba a taɓa makulli.

Sirajo ya yi dariya ya ce, "Wanga ai aikin shan ruwa ne. Tirafigeta ce kawai."

Ya ciro filasha daga wani mataccen keke napep, ɗan abin nan da ke sa fitilar nuna kwana ƙiftawa. Ya samo jan murfin fitilar baya. Ya ja waya ɗaya tak daga batir, ta bi ta filasha, ta tafi har wutsiya. Ɗayan gefen ƙwan fitilar kuma ya ɗaure shi a jikin kwanon wutsiyar. Ya kunna. Shiru.

Ina zaune a kan bencinsa. Na ce, "Sirajo, ina hanyar dawowar wutar?"

Ya ce, "Bodi mana, Baba. Bodi shi ne at."

Haka duk 'yan riwaya suke aiki, kuma a babur daidai ne. Jikin babur, wato bodi, ƙarfe ne guda, wuta ta je ta waya ta dawo ta jiki, shi suke kira at. Amma wutsiyar Akurki katako ce, kwanonta bai taɓa ƙarfen gangar jiki ba. A makarantar mishan da na yi, malaminmu na kimiyya kan zana da'ira a allo da farin alli, ya ce wuta ba ta fita gida sai ta san hanyar komowa. A reluwe kuwa, wanda ya haɗa sigina da waya ɗaya, ranar zai ajiye hular aiki. Muna goge kowane mahaɗi, mu ɗiga masa dalma, mu naɗe, babbanmu ya zo ya ja da hannunsa ya gani. Na ce masa ya ja waya ta biyu daga ƙwan har batir, ya huta.

"Baba, mi ka kai ni jan waya biyu? Sai abokan aiki su ce ban iya ba."

"Wa zai leƙa cikin wutsiya ya ƙirga?"

"Ni zan sani."

Maimakon haka sai ya yanko ɗan siririn kwano, ya shimfiɗa a mahaɗar wutsiya da gangar jiki, ya bar notin da ke riƙe wutsiyar ya danne shi. Fitila ta kama, amma ta tsaya cak, ba ƙiftawa. Ƙwan da ya sa irin na tocilan zamani ne, mai cin wuta kaɗan, filashar keke kuwa sai ta ji nauyin tsohon ƙwai kafin ta yi aiki. Wannan ma sai da muka yi ta musu. Ya canja filasha, ya canja batir, ya zagi mai sayar da kayan gyara. Yalwa ta kawo masa tuwo ya huce a ajiye. Ta ce, "Baba, ku yi masa magana, masu babura suna ta komawa, shi yana nan yana lallashin ƙwai."

Na ce, "'Yar nan, bakina ya gaji."

Daga ƙarshe ya sa tsohon ƙwai mai zare, fitila ta shiga ƙiftawa, ja, ja, ja. Ya dube ni. "To Baba Sigina, ina waya ta biyun?"

Na ce Allah ya sa alheri. Na ƙara cewa ya sa fiyus, ya ce fiyus na masu tsoro ne.

Akurki ba ya fita ta ƙofar kango sai an kwance shi. Ranar baje koli da safe aka cire fikafikai da wutsiya, aka ɗora a amalanken wani ɗan dako, Na'Allah, aka tura har fili. Ni ban bi su ba, ƙafata ba ta son tafiyar safe. Da suka mayar da wutsiyar sai ta riƙa ɗan girgiza, domin ramin notin ya buɗe a hanya. A garin nan kuwa duk abin da ke girgiza maganinsa ɗaya ne, robar tsohon tib ɗin taya. Da ita ake ɗaure kaya a babur, da ita ake toshe famfo, da ita ake gyara ƙafar kujera. Sirajo ya yanko ta, ya cusa a mahaɗar, ya ɗaure noti tamau. Wutsiya ta tsaya ƙyam.

Bayan azahar na iso. Fili ya cika, har da mutanen Zurmi da Shinkafi da suka ji labari. An ja igiya an kewaye jirgin. Sirajo ya sa sabuwar riga da hular kwano ta 'yan acaɓa. Malam Na'ibi ya ɗaga lasifika ya ce, "Bismillah, Malam Sirajo, a nuna mana jan wuta."

Ya kunna. Babu komai. Ya kashe, ya sake. Wani daga cikin taron ya ce, "Kaji sun sha man!" Aka kwashe da dariya.

Ya diro, ya buɗe batir, ya goga waya, tartsatsi ya tashi. Ya ciro ƙwan ya ɗaga shi a rana, lafiyarsa lau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba wani jan ƙyalle ya riƙa kaɗawa. Ai duk ja ne."

Na'ibi ya ce, "Ba da ƙyalle muka yi da kai ba. Goshin Gwaggo Turai bai gama warkewa ba."

Sai da na roƙi masu tsaron igiya kafin su bar ni in shiga. Na zagaya baya da sandata, na ga baƙar roba tana leƙowa tsakanin ɗan kwanon da ƙarfen. Na ce, "Wa ya sa wannan?"

"Ni ne. Motsi take yi."

"Ka toshe wa wuta hanyar gida. Kawo waya mu ja daga ƙwan zuwa batir ta waje, ko da salatif ne mu manna."

Ko a nan bai yarda ba. Ya ce waya a waje za ta ɓata wa jirgi kyau a gaban baƙi, gara ya kwance wutsiya ya cire robar. Notin da ya ɗaure da dukan ƙarfinsa ya ƙi kwantuwa, sifanar da ta dace kuma tana rumfa. Na'Allah ya tafi ɗaukowa. Kafin ya dawo an kira la'asar. Mutanen Zurmi da Shinkafi suka fara neman motocinsu, don ba mai son yamma ta same shi a kan waɗannan hanyoyi. Kwamiti ya raba kyaututtuka, wata mai saƙar faifai ta ci na ɗaya. Aka fara naɗe rumfuna.

Malam Na'ibi ya zo ya tsaya kusa da mu. Ya ce jami'an tsaro sun ce a watse, izinin fili ya ƙare. Ya dafa kafaɗar Sirajo ya wuce.

Robar ta fita lokacin da masu shara kawai suka rage. Fitilar ta kama ƙiftawa. Sirajo ya tsaya yana kallonta, hannunsa duk baƙin mai, sabuwar rigar ta yage a hammata. Ya kai hannu ga makullin injin, ɗan sandan da ke jiran mu tashi ya girgiza kai.

Ya zare hannunsa. Ya ce, "Na'Allah, juyo da amalanke."