Usta Bakur da Ruwan da Babu Mai Tarawa

Ina zaune ina karyawa yau da safe saƙo ya shigo wayata daga Jidda. Zuhra ce, 'yarsa. Usta Bakur ya rasu jiya bayan la'asar, har an yi masa sutura.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kokon yana nan a gabana, ya huce, na kasa sha.

Na san yawancinku ba ku san shi ba. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, bai taɓa riƙe wani muƙami ba. Mai zane ne, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a can. Shi ya fara ciyar da ni a ƙasar da ban san kowa ba, kuma yau ina so ku san shi ko da kaɗan ne.

A farkon shekarun saba'in na je aikin hajji, aka gama, na ƙi dawowa. Taurin kai ne kawai, ba wani abu ba. Da yake na iya kamara tun daga Gusau, sai na samu aiki a wani situdiyon hoto a cikin Balad, tsohon garin Jidda, a wani lungu kusa da kasuwa. A can na tarar da shi.

Alhazai a lokacin ba sa yarda su hau jirgi sai sun ɗauki hoton da za su kai gida. Sai a rataya labule mai zane a bayan mutum, ya tsaya da sabuwar jallabiya, ya washe baki don haƙorin Makka ya fito, ni kuma in ɗauka. Usta Bakur ne ke zana labulen. Jirgin sama, jirgin ruwa, dabino da raƙuma, duk aikin hannunsa ne.

Ranar da na fara aiki bai tambaye ni sunana ba. Tambayata ya yi ko na ci abinci. Na ce na ci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya fita ya dawo da ful da tamis mai zafi, wato dafaffen wake da gurasa.

"Yalla, ci, ya ɗan Najeriya. Ƙarya ba ta cika ciki."

Har ya bar duniya haka yake kirana, alhali shi ma jinin Katsina ne a jikinsa gaba da baya.

Wata biyu ina kwana a gidansu a unguwar Karantina kafin in samu ɗaki. Mahaifiyarsa, Inna, duk Juma'a sai ta tuƙa tuwo, kuma ni ake fara zuba wa.

Mahaifinsa a ƙafa ya zo, ta Sudan, shekara da shekaru yana tafiya yana tsayawa neman guzuri. A Jidda aka haifi Bakur. Da lokacin da ake rubuta mazauna ana ba su takardar ƙasa ya zo, maƙwabta suka je, tsohon ya ƙi. Cewa ya yi shi baƙo ne, baɗi zai koma gida, me zai yi da takardar ƙasar wasu? Haka ya yi ta cewa baɗi har ya rasu a Karantina, akwatinsa a ɗaure.

Sai Bakur ya tashi ba shi da fasfon kowace ƙasa. Daga baya ya samu takardar zama a ƙarƙashin kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, mai situdiyon. Ta ba shi damar ya zauna. Ba ta ba shi damar ya fita ya dawo ba.

Kullum mutanen duniya suna tsayawa a gabansa, gobe su hau jirgi su tafi. Shi yana nan da buroshinsa.

Wata rana wani ma'aikacin jirgin ruwa ya zo hoto, ya manta tsohuwar kalanda a kan benci. A ɗaya daga shafukan akwai hoton Victoria Falls, inda kogi guda yake zuwa bakin dutse ya faɗa rami gaba ɗaya. Usta ya riƙe shafin nan har shayinsa ya yi sanyi.

Sai kun san Jiddar wancan zamanin za ku gane. Ruwa saye ake yi. Saƙƙa, wato ɗan ga-ruwa, shi ke kawowa, garwa biyu a sanda. Usta ya girma yana ganin Inna tana alwala da rabin moɗa, ruwan wanki ma ba a zubarwa sai an yi wani aikin da shi. Mutumin da ya tashi a haka ne aka nuna wa kogi yana zubewa.

Mako uku ya yi yana zana labulen. Mai situdiyo ya yi ta mita, wai wane alhaji ne zai zo Makka ya koma da hoton ruwa. Aka rataya, sai ga layi. Alhazan Agadas musamman, ba su son wani labule sai shi.

Amma a hoton kalandar ba a ganin gindin ramin, feshin ruwa ya rufe. Sai Usta ya cike wurin da kansa. Ya zana mutane a layi da garwoyinsu, har da jaki. A gaban layin ya zana wani mutum ya sunkuya yana tarar ruwa.

Ni ma ban ga wani aibu ba, na ɗauka haka ake yi.

Bayan hajjin shekarar wani dattijo ya shigo, Alhaji Isma'ila, tela ne daga Cape Town. Yana ganin labulen ya fara dariya, har sai da ya zauna a benci ya cire tabarau. Ni na yi musu tafinta da ɗan Turancina na firamare. Ya ce ya taɓa zuwa wurin. Ramin zurfi gare shi, babu mai tsayawa a gindinsa da garwa, ruwan zuba kawai yake yi dare da rana ya wuce abinsa.

Usta bai yi dariya ba.

"Halas, zuba kawai? Babu mai tarawa?"

Dattijon ya ce babu.

"La, ya shekh. Dole akwai. Ko mutum ɗaya ne."

Ya ƙi goge mutumin. Na ce masa yanzu ai mun sani, kunya ce a bar shi. Ya ce in tsaya a kamarata.

Kwana uku Alhaji Isma'ila yana dawowa shan shayi kafin jirginsu ya tashi. Shi ya ba mu labarin wani tsohon birni na dutse a ƙasar da ake kira Rodeshiya a lokacin, Zimbabwe ta yau. Ganuwa doguwa, an jera duwatsun babu laka babu siminti, kuma baƙar fata ne suka gina. Usta ya sa na maimaita wannan sau biyu. Ya kuma ba mu labarin unguwarsu ta Musulmi a gindin wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, da titunan da aka daɓe da duwatsu, da tsofaffin masallatai. Bai ɓoye mana ba, ya ce da dokokin wariyar launin fata na ƙasarsu, mai irin fatarmu ba ya shiga yawon buɗe ido haka kawai. Duk da haka ya rubuta adireshinsa a bayan shafin kalandar.

Daga ranar taswira ta hau bayan ƙofar situdiyo. Usta ya ja layi da jan biro: jirgin ruwa zuwa Mombasa, daga nan ta ƙasa har ruwan, sai birnin dutse, sai garin Alhaji. Ya haddace hanyar fiye da yadda na haddace hanyar ƙauyenmu. In babu kwastoma sai ya fara jerowa, ni kuma in ce masa direba, a ina za mu tsaya cin abinci.

Kada ku ɗauka mafarki kawai ya tsaya yi. Ya nema. Ya yi ta zirga-zirga wajen neman takardar tafiya, ana tambayarsa garin mahaifinsa da mai unguwarsu da wanda zai shaide shi, shi kuwa sunan Katsina kawai ya sani. Bayan wahala aka ce za a iya ba shi takarda, amma ta fita ce kawai. In ya tafi ya tafi ke nan.

Ranar ya dawo bai taɓa fenti ba.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na hau shi da faɗa. Na ce ya karɓa mana, ya tafi, wannan zaman nasa da kurkuku ba su da maraba. Ni mai fasfo a aljihu, bakina ya yi ta zuba.

Ya bar ni na gama tsaf.

"To wa zai sayo wa Inna moya?"

Moya shi ne ruwa a bakinsu. Bai sake ɗaga maganar takardar ba.

Bayan sallar Juma'a yakan ce in raka shi bakin teku, wajen tashar jiragen ruwa. Sai mu tsaya ta bayan shinge yana kallon waɗanda ke fita, yana faɗa min wanda ya nufi kudu. Ni na ƙosa in tafi cin tuwon Inna, shi ko gezau. A lokacin haushi nake ji. Yanzu tausayi nake ji, da kunyar kaina.

Kafin Inna ta rasu ya riga ya yi aure ya haihu, 'ya'yan ma sun gaji matsalar takardar. Hanyar da ta rage sai ta ƙara toshewa.

Ni na dawo gida, na samu aikin ɗaukar hoto a wata ma'aikata. Wajen ƙarshen shekarun saba'in aka tura ni Zambiya tare da wata tawaga. Na roƙi kwana biyu, na hau jirgin ƙasa zuwa Livingstone, garin da ke kusa da Victoria Falls. Birnin dutse da Cape Town ban iya zuwa ba, a lokacin fasfona ba ya shiga can.

Tun daga nesa na fara jin ƙarar. Da na isa, kafin in fito da kamara na jiƙe sharkaf. Na leƙa ƙasa, babu layi, babu jaki, babu garwa.

Wallahi kuka na yi. Ni da ban taɓa mafarkin wurin ba ni aka kawo, shi da ya haddace hanya yana can bayan shinge.

Akwai kwalbar maganin tari a jakata. Na zubar da sauran, na zagaya ta sama inda kogin yake tafiya a hankali kafin ya faɗa, na wanke ta, na sunkuya na cika. A masauki na liƙe murfin da kakin kyandir.

Da hajji ya zagayo na kai masa. Ya juya kwalbar a hannunsa yana dariya, ya ce duk duniya daga nan ake ɗaukar ruwa a kai gida, ni ne wawan farko da ya kawo. Sannan ya fara tambaya. Ba hotunan da na ɗauko suka dame shi ba, ƙarar ce. Na kwaikwaya da bakina, ya ce wannan ai injin niƙa ne.

Can ya dube ni.

"Faɗa min gaskiya, ya ɗan Najeriya. Babu mai tarawa?"

Na ce Usta, na duba da idona, babu ko mutum ɗaya.

Ya dubi kwalbar. Ya tambaye ni yadda na cika ta. Na ce sunkuyawa na yi a bakin kogi. Sai ya miƙe ya shiga ciki, ya jawo tsohon labulen, ya warware shi a ƙasa, ya ɗora yatsa a kan mutumin nan da ya ƙi gogewa.

"To wannan wane ne? Na ce muku akwai."

Ganinmu na ƙarshe, na je umra ne, kafin a rushe Karantina. Idonsa ya yi rauni, da murya ya gane ni. Kwalbar tana kan kanta kusa da gadonsa, ruwan ya ragu ya koma wajen rabi, bai taɓa buɗewa ba. Na ce masa yanzu duk ƙasashen nan sun buɗe, kowa zuwa yake. Ya ce sun buɗe wa masu fasfo. Ba da ɗaci ya faɗa ba, kamar dai mai faɗin farashin burodi.

Ya sa na sake yi masa ƙarar ruwan. Na yi, ya sake cewa injin niƙa ne. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce in gaishe masa da Katsina.

Zuhra ta ce da aka tashe su daga unguwar, labulen bai tsira ba, gara ta riga ta cinye shi. Taswirar da kwalbar ne kawai ya riƙe a cinyarsa a cikin mota. Ta ce ya bar wasiyya tun bara, kuma ƙaninta ya cika ta jiya: da aka gama rufe kabarin, a cikin ruwan da aka yayyafa har da na kwalbar.

Shekara tamanin da wani abu, bai taɓa wuce Makka da Madina da Ɗa'ifa ba.

Ya Allah, ga bawanka Abubakar ɗan Ummaru, wanda muke kira Bakur, ya zo. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da alheri a kan Inna da ya ƙi bari, da baƙon da ya ciyar. Ka saukar da shi inda ƙoramu ke gudana ba su yankewa, inda babu mai tsayar da shi a ƙofa ya ce ina takardarka. Ka ba Zuhra da 'yan'uwanta haƙuri, ka buɗe musu hanyar da ba ta buɗe masa ba.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya tsaya a danna alama kawai ya wuce. In ka zo alwala yau, ka buɗe famfo ruwa ya zubo, ka tuna da Usta Bakur ka yi masa addu'a.