Amsar Bayan Littafi

Mako guda kacal na yi ba na makaranta. Ƙanin mahaifina ne ya rasu a Zariya, na bi jirgin ƙasa na je ta'aziyya, na dawo ran Lahadi ƙafafuna a kumbure. Da safiyar Litinin na shiga aji biyu da alli a hannu, na tarar da ajin ba yadda na bar shi ba. Suka miƙe, suka gaishe ni, suka zauna, babu mai ko tari.

A Fatakwal aka haife ni. Mahaifina dillalin shanu ne, kuma da rikici ya taso muka gudu Arewa da abin da hannu zai iya ɗauka. A can na yi makarantar horon malamai. Bayan yaƙin basasa muka dawo, muka sami wasu a gidanmu, muka kama haya wajen unguwar Rumuokoro ba mu ce wa kowa uffan ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, gari ya cika da gine-gine da manyan motoci, wanda duk ka taɓa sai ka ji yana da kwangila. Ni dai aikin koyarwa na samu a wata sakandare, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a ɗakin malamai. Lissafin aji ɗaya da aji biyu aka ba ni.

Abin da ya fi wahalar da yara a wannan mataki shi ne a ce musu akwai lamba ƙasa da sifili, wadda muke kira mainos. Sai na ja dogon layi da alli a barandar aji, na sa sifili a tsakiya, lambobi su tafi dama, 'yan mainos su tafi hagu. Yaro zai tsaya a kan lamba yana kallon dama. In an ce a ɗebe, ya juya ya kalli hagu. In abin da za a ɗebe ɗin mainos ne, ya yi tafiya da baya. Da ƙafarsu suka gano cewa ɗebe mainos huɗu daidai yake da ƙara huɗu. Da muka shiga aljebara na kafa musu doka ɗaya: duk amsar da ka samu, mayar da ita gurbin x ka gani ko ta zauna. Kada ka tambaye ni, lissafin zai gaya maka da kansa.

Akwai wata yarinya da ta riƙe wannan doka fiye da kowa, 'yar wani mahauci a unguwarmu. Shekarunta ba za su wuce sha uku ba. Hausa a gida, Turancin broka a titi, harshen mutanen gari a kasuwa, duk tana yi. Siririya ce mai ƙaramar murya, amma in ta tabbata da abu ba ta sakinsa. Kullum hannunta ne farkon tashi.

Ran Litinin ɗin nan hannunta bai tashi ba. Na yi tambaya uku, tana kallon tebur. Na ce a kawo littattafan rubutu in ga abin da aka yi bayana. Da na buɗe nata sai na ga shafi biyu cike, sama har ƙasa, abu ɗaya aka maimaita: x = 5, x = 5, x = 5. Rubutun ya karkace, kamar na wanda bai iya riƙe biro ba.

Na kira ta baranda, na yi mata Hausa.

"Mene ne wannan?"

"Malam, horo ne."

"Wa ya ba ki?"

"Babban malamin lissafi."

"Nuna mini hannunki."

Ta buɗe tafin hannunta na dama. Kwana huɗu da dukan, amma shatin tsumagiya na nan, wani wurin ya fashe ya yi ɓawo.

Da ƙyar na ciro labarin daga bakinta, sauran kuma 'yan ajin suka cike mini. Shugaban sashen lissafi ne ya riƙe mini ajin. Mutum ne da ya ba hamsin baya, yana da tifa biyu da ke kai wa 'yan gini yashi, hankalinsa na can fiye da makaranta. Ya shigo ya ba su aiki daga littafi, ya fita wajen direbansa, ya dawo ya buɗe shafin amsoshi da ke bayan littafin yana karantowa suna yi wa kansu maki. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce x − (−4) = 1. Amsarta mainos uku. Amma a bayan littafin an yi kuskuren bugu, an sa biyar.

Yara shida ne suka ce su mainos uku suka samu. Ya daka tsawa, biyar suka goge suka rubuta abin da ya ce. Ita ta miƙe ta ce, cikin ladabi, ta mayar da biyar gurbin x, tara ta ba ta, ba ɗaya ba. Ta roƙi a bar ta ta taka layin baranda ta nuna. Ya dube ta ya ce, "Aboki pikin wan correct book?" Wai 'yar aboki ce za ta gyara wa littafi. Ajin ya yi dariya, don in babba ya yi ba'a dole a yi dariya. Ya yi mata bulala shida a hannu, ya sa ta durƙusa a rana gaban ɗakin malamai har aka tashi tara, sannan ya ce ta rubuta amsarsa sau ɗari da hannun da ya daka.

Gaban ɗakin malamai! Wato duk sun gan ta. Suna shan shayi, suna wuce ta, babu wanda ya tsaya ya ce me yarinyar nan ta yi.

Ban jira an tashi tara ba. Na same shi a ɗakin malamai ya miƙe ƙafa kan kujera yana karanta jarida. Malamai biyar ko shida na zaune. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ajiye littafin a gabansa, na ce, "Oga, don Allah a sa biyar a nan mu ga abin da za ta ba mu."

Bai ko sauke jaridar ba.

"Ka duba baya, amsa na can."

"Na duba. Kuskure ne. Minti ɗaya zai ɗauka, ga biro."

Sai ya sauke jaridar, ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce a ƙasar waje aka buga littafin nan, masu digiri ne suka rubuta shi, ni da 'yar takardar horon malamai da na samo a Arewa ne zan ce sun yi kuskure? Ya ce tun ina cikin zanen goyo yake koyar da lissafi. Ya ce dama ya ji labarin ina sa yara tsalle-tsalle a baranda kamar 'yan firamare, shi ya sa suka raina manya.

Na ɗauki biron da kaina na rubuta a gefen jaridarsa: biyar a ɗebe mainos huɗu, tara. Na ce, "Tara ce ko ɗaya?" Ya fizge jaridar, ya ce in fita masa daga gani.

Na juya na dubi sauran. Akwai malamar kimiyya a gefe, na ga idonta a kan littafin, na ga leɓenta na motsi tana lissafawa. Ta gama, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da duba takardunta. Bayan an tashi ta tare ni a bakin ƙofar makaranta, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kai ne da gaskiya, amma ka bar maganar." Wallahi wannan raɗar ta fi zagin da aka yi mini ciwo. Gaskiyar da ba za a iya faɗa a ɗaki ba sai a bakin titi, me za ta yi wa hannun yarinyar?

Washegari na je wajen shugaban makaranta. Ya saurare ni yana duba agogo. Bai karɓi littafin ba ma. Ya ce shi tarihi ya karanta, biyar ko mainos uku duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da ya sani shi ne ba a kunyata babban malami a gaban ɗalibai, kuma yarinya ba don lissafi aka dake ta ba, don musu ne. Na ce to ai musun a kan gaskiya ta yi shi. Ya ce, "Kai yaro ne, kuma baƙo ne a nan. Ka yi a hankali." Baƙo, a garin da aka yanke mini cibiya.

Na koma aji na fito da su baranda gaba ɗaya. Na sa wani ya tsaya kan biyar, ya juya, ya ja da baya taku huɗu, ya sauka kan tara. Na sa wata ta tsaya kan mainos uku, ta yi haka, ta sauka kan ɗaya. Na ɗaga murya yadda za a ji ni har ɗakin malamai, na ce littafin ya yi kuskure, mutane ne suka buga shi, kowa ya ɗauki biro ya gyara nasa. Suka gyara. Wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Sa, in ta fito a jarrabawa wanne za mu rubuta?" Na ce su rubuta gaskiya. Da cika baki na faɗa, don ban zaci mutum zai kai ga abin da ya kai ba.

Ran Asabar na je kwata in ga mahaifin yarinyar. Tsohon abokin mahaifina ne, tare suka gudu, tare suka dawo. Na same shi ya gama fiɗa yana wanke hannu. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gajiyar hanya, ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi tsohona da jiki. Sannan na ce, "Baba, maganar abin da aka yi wa ƙanwata ce ta kawo ni. Ina so mu je tare wajen shugaban makaranta. In uba ya yi magana, dole a ji."

Ya goge hannunsa a hankali, ya ce, "Malam, ai na riga na je."

"Wajen shugaban?"

"Wajen malamin. Gidansa na je, na kai masa cinya guda, na ba shi haƙuri."

Na ce, "Baba, haƙuri? Ita aka zalunta fa! Amsarta daidai ce."

"Na sani. Ta nuna mini a tsakar gida, ta ja layi da gawayi, ta taka na gani. Ni ban yi boko ba, amma na gane. Ɗana, sau ɗaya na bar garin nan da rigar jikina. Da na dawo ko wuƙar fiɗa sai da na ara. Yanzu na ɗan zauna. Shekara uku ta rage mata a hannun mutumin nan. Kai in sun matsa maka ka ɗauki takardarka ka yi gaba. Ita ina za ta?"

Na yi masa sallama na tafi, ina jin haushinsa, ina jin kunyar jin haushin nasa.

Jarrabawar ƙarshen zango shugaban sashe ne ke fitar da ita, shi ke ba da amsoshin da za a bi wajen yin maki. Da aka raba takardu na duba, sai ga tambayar nan ita ce ta farko, ko lamba ɗaya bai canza ba. A takardar amsoshi kuma ya rubuta biyar, ya ja layi biyu a ƙasa. Ya kuma ce a wannan karon shi zai duba takardun aji biyu da kansa. Ka ga mutum mai jikoki ya zauna ya shirya wa 'yan shekara sha uku tarko don kawai kada a ce ya yi kuskure.

Fiye da rabin ajin sun bi maganata, ya soke musu. Da takardun suka dawo na nemi tata. Ta yi aikin tsaf, layi bayan layi, har ta kai mainos uku. Sai ta ja masa layi ta kashe, ta rubuta biyar a gefe. Ya ba ta cikakken maki.

Na tsayar da ita bayan an tashi. Ban yi faɗa ba, tambaya kawai na yi.

"Me ya sa?"

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, na san amsar. Shi biyar yake so."

Da aka dawo hutu na duba jadawali, babu sunana a lissafi. Labarin ƙasa aka ba ni da aikin gona. Aka wanke baranda. Yarinyar ta ci gaba da cin jarrabawa, malamai suna yabonta wai ta yi hankali, ba ta da surutu. Kafin ta gama mahaifinta ya koma Anacha da sana'arsa, ban sake jin labarinta ba.

Shekara biyu bayan haka shugaban sashen ya ajiye aiki, tifofinsa sun zama biyar. Aka yi masa walimar ban-kwana a ɗakin taro, aka yi jawabai, aka ce ya gina yara masu yawa. Na yi niyyar ƙin zuwa, sai na tuna ina neman a sa mini hannu a takardar ƙaro karatu. Na je, na zauna a layi na biyu, aka ba ni shinkafa da kaza na ci. Da ya miƙe ya karɓi kyautar agogon bango kowa ya tafa, ni ma na ajiye cokali na tafa.