Ranar da Yaya Soja Ta Kayar da Surukata

Akwai ranar da ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba za ta fita daga kaina ba, wato ranar da dangin mijina suka fara zuwa ganina. Shekara bakwai ke nan.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Ruwais muke zaune. A wancan makon 'yar kawuna ta zo Umra daga Kaduna ta sauka a gidanmu. Soja ce, kuma ba ta ofis ba, shekara uku ta yi a dajin Borno da bindiga a kafaɗa. Mun zaci za mu ga ƙatuwa mai muryar maza, sai ga 'yar siririya mai kunya, in tana magana sai ka matso kusa. Yaya Soja muke ce mata. Ko rufe ƙofa aka yi da ƙarfi sai ta zabura, ni da ƙanwata kuwa muna ta tsokanarta, wai wane irin soja ne wannan.

Ranar Alhamis bayan azahar mahaifiyar wanda zan aura ta zo daga unguwar Bani Malik da ƙannenta mata biyu. Hausawan Sudan ne. Hajiya mace ce mai jiki da kwarjini, zinare har gwiwar hannu. Tun safe Umma ta ja mini kunne: "Ki nutsu, ya binti, 'yata, matar nan ko tari ba a yi a gabanta." Ni kuwa don in nuna na iya girki, na cika tukunyar nan mai huci da ke dafa abinci da matsin tururi, da shinkafa da naman rago har baki, na ƙure wuta, na fito da gahawa ina sunkuyar da kai.

Ina cikin zuba wa Hajiya sai muka ji "dam!" daga kicin, kamar gini ya rushe. Kafin in ɗago, wata murya da ban taɓa ji ba ta cika falon: "Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!" Yaya Soja ta tsallake tiren dabino, ta rungumo Hajiya daga kan kujera ta kai ta ƙasa, ta kwanta a kanta. "Ku ja ciki! Jikin bango!"

Wallahi babu wadda ta yi musu. Umma da a zaune take sallah saboda ciwon gwiwa, sai ga ta ta wuce ni da rarrafe. Ƙanwar Hajiya ɗaya ta shige bayan labule tana kalmar shahada, ɗayar ta kifa tire a kai. Ni ce na fara jin ƙamshin nama. Na leƙa kicin, murfi ya tashi, shinkafa ta manne a silin, ƙashin rago yana saman firij. Na ce, "Tukunya ce."

Umma ta raɗa mini, "Halas, shi ke nan, kin kashe aurenki."

Yaya Soja ta ɗaga Hajiya, sai na ga gumi ya jiƙe Yaya. Ta ce, "Hajiya, ki yafe mini. Ba nan nake ba." Hajiya ta zauna a ƙasa, mayafi a wuya, ta dube ta ta ce, "'Yar nan, mu bakwai ne a ɗakin nan, me ya sa sai ni?"

"Ke kika fi faɗi, Hajiya. Ke za a fara samu."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, mu ma muka samu izinin yi. Da ta lafa sai ta riƙe hannun Yaya, ta ce ƙanenta haka ya dawo daga yaƙi a can Sudan, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma akwai likitansa. A ranar Yaya ta gaya mana rabonta da barci mai nauyi tun da motar da ke gabansu ta taka nakiya, da aminiyarta a ciki. Ni da ƙanwata muka kasa haɗa ido da ita.

Burodi da wake muka ci. An yi auren, Yaya kuma da ta koma Kaduna ta fara ganin likita, yanzu ta samu sauƙi sosai.

Abin da na koya shi ne, in na ga mutum yana firgita da abin da bai kai ba, in bar dariyar tukuna, don ban san inda ƙarar ta mayar da shi ba.