Sunansa Yana Nan a Rajistar Bangi

Ranar Alhamis ce. Na tashi da asuba, na hura gawayi, na ɗora ruwan shayi. Maigidana ya dawo daga masallaci yana mita a kan burodi, wai na jiya ne. Na ce masa in na yau yake so ya kwashe kayansa ya tare a gidan burodi. Ya yi dariya, ya cinye shi tas. Mu mutanen Maraɗi ne, amma mun daɗe a Bangi, can Afirka ta Tsakiya, har ɗiyarmu Nana ta fi iya yaren garin a kan Hausa. Shagon kayan gini gare shi a bakin kasuwa: kwanon rufi, ƙusa, fenti, fartanya, adda. Shago ne mai takardu, da sunansa a rajistar 'yan kasuwa ta ƙasar, kuma yana ji da wannan fiye da yadda yake ji da ni.

An kwana biyu ana raɗe-raɗin za a kawo hari unguwannin Musulmi. Mun ji har kunnenmu ya saba. Na ce ya zauna gida. Ya ce akwai motar kwano da za ta sauke kaya, in an sauke zai dawo. Ya ɗauki makullansa ya fita. Ban raka shi ƙofa ba, ina kankare tukunya.

Da hantsi karnuka suka fara haushi gaba ɗaya. Sai harbi daga nesa, ɗaya-ɗaya. Na ci gaba da wanki, don harbi ba baƙo ba ne a garin. Sai na ji usur, na ji ihu, na ji ana dukan ƙofofin ƙarfe a layin da ke bayanmu. Warin katifa mai ƙonewa ya shigo tsakar gida. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ba ɗankwali.

"Ku fito! Sun shigo layi!"

Na kira shi a waya. Ya ɗauka, bayansa hayaniya kamar ranar kasuwa. "Ku tahi masallaci, ga ni nan tahe!" Abin da ya ce ke nan, wayar ta katse.

Na ja hannun Nana. Ban ɗauki komai ba sai waya da mayafi. Muka tsallake katangar baya, muka faɗa cikin lambatu, muka bi shi a sunkuye. Ruwan ya kai mini gwiwa, ya kai wa Nana ƙirji. A samanmu ana gudu ana kiran sunaye. Inda lambatun ya ɓulle titi na ga telan unguwarmu kwance kusa da kekensa, igiyar awonsa tana rataye a wuyansa. Na rufe wa Nana ido da tafin hannuna. Na ga samari da adduna sababbi fil, ko tsatsa ba su yi ba. Na san irin addunan, na sha ƙirga su a shago.

Muka isa babban masallaci rana ba ta kai tsaka ba. Ya cika maƙil. Na samar wa Nana gefen tabarma, ni kuwa na tsaya bakin ƙofa ina duban duk wanda ya shigo. Azahar ta yi, ba a yi kiran salla da lasifika ba. Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. La'asar ta yi, na sake kira, aka ce a kashe take. Aka shigo da masu rauni a kan kura, aka shigo da waɗanda aka lulluɓe. Na buɗe fuskokin da aka bari in buɗe. Ba ya ciki. Na yi murna, Allah Ya yafe mini, a gaban matan da suka ga nasu.

Mun yi kwanaki a masallacin, ban san adadinsu ba. Duk wanda ya fito daga ɓangaren kasuwa na tare shi. Wani ya ce ya ga shagon a buɗe an kwashe komai. Wani ya ce ya ga maigidana ya nufi bakin kogi tare da masu tsallakawa Kwango. Na riƙe maganar na biyun, na watsar da ta farkon.

Wata safiya manyan motoci suka zo da rakiyar soja.

"Mata da yara! Ku hau! Ku sunkuya!"

Muka hau muka sunkuya. Duwatsu suna sauka a jikin motar, kwam, kwam. Na ɗaga kai sau ɗaya, na ga wata mata a bakin hanya da goyo tana jan yatsa a maƙogwaronta tana kallonmu. Ban sake ɗagawa ba har filin jirgi. A can muka zauna a ƙasa cikin rana muna jiran jirgin da aka ce ƙasarmu za ta aiko. Da ya zo na tsaya a gindin matakala na ce ba zan hau ba sai da mijina. Wani soja ya ɗauki Nana ya miƙa ta sama. Na bi ɗiyata.

Haka na sauka Yamai da zane ɗaya mai warin lambatu. Yayana Alhaji Mamman ya kai mu gidansa a unguwar Bobiyel, ya ba mu ɗaki. Daga baya na kafa tebur a ƙofar gida ina sayar da dambu da kopto, kwaɗon zogale irin na Zabarmawa. Nana ta shiga lakwal, makarantar boko, ta koyi Zabarmanci, ta manta yaren Bangi. Ni kuwa ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Da shekaru suka tura, Alhaji ya fara maganar in je wurin alƙali a yanke hukuncin wanda ya ɓata, in san matsayina. Na ce masa mijina ba akuya ba ne da za a ce ya ɓata. Ya ce taurin kaina tun ina yarinya yake ba shi ciwon kai. Na ce to ya ci gaba da shan magani.

Alhaji yana da ɗiya, Rashida, mai aiki a wani banki. Ba ta taɓa kuɗi. Aikinta shi ne, in wani ɗan kasuwa a Yamai zai yi hulɗa da kamfanin wata ƙasa, ita ce za ta shiga rajistar 'yan kasuwa ta waccan ƙasar ta duba: kamfanin na gaske ne, wa ke da shi, a ina yake, yana aiki ko an soke shi. In ba ta gamsu ba, banki ba ya bari a yi. Wata rana tana cin dambuna tana ƙorafin yadda rajistar wasu ƙasashe ke wahalar da ita, sai na ajiye ludayi.

"Har ta Bangi kina iya dubawa?"

Ta ce wani lokaci tana buɗewa, wani lokaci sai an rubuta musu an jira. Ta ɗauko ordinatarta, wato kwamfuta, ta ce in faɗi cikakken sunansa. Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Ranar na kira shi, Issufu, har da na mahaifinsa, a gaban ɗiyar yayana. Shafin ya yi ta juyi, ya ƙi buɗewa, ya sake juyi. Sai ga shi. Sunansa, sunan shagon, layin kasuwa. A gefe an rubuta kalma ɗaya da Faransanci, Rashida ta ce ma'anarta yana aiki.

Na zauna a ƙasa. Rashida ta dafa ni. "Gwaggo, ki ji ni da kyau. Wannan ba ya nufin yana da rai. Rajista ba a share ta kamar tsakar gida. Suna yana iya zama nan har abada in ba wanda ya je ya ce a cire." Na ji ta sarai. Amma tunda na baro Bangi ba wanda ya nuna mini wani abu nasa da ke tsaye sai ita. Na gaya wa Alhaji hukumar ƙasa guda ta ce mijina yana aiki, shi wane ne da zai ce ya ɓata.

Daga nan ya zame mini jiki. Bayan kowace salla, ƙarama da babba, in an watse, sai in ce wa Rashida ta duba mini. Ta yi aure ta koma Kirkisoy, na riƙa hawa taksi ina tsallake gada don wannan kaɗai. Ta gaji, na gani a fuskarta. Ni ma na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Wani lokaci ina cikin taksin sai in ji ina fatan shafin ya ƙi buɗewa, in koma gida in huta. In ya buɗe kuma na ga kalmar nan, sai in ji haushinsa. In kana aiki, me ya hana ka nemo mu? Yamai ba ta ɓuya ba.

Ranar da abin ya zo ba ni na tambaya ba. Ina kwashe dambu da yamma sai ga Rashida da kayan aiki a jikinta, ko gida ba ta biya ba. Ta ce mu shiga ɗaki. Wani mai sayar da albasa zai yi ciniki da wani kamfani a Bangi, aka kawo mata ta duba. Adireshin kamfanin shi ne layin kasuwa, shi ne shagon. Ta nemi sunan maigidana. An soke shi. Mai ginin da shagon yake haya a ciki ne ya je ya nemi a soke don ya ba wa wani haya da takardu masu kyau, kuma ya kai shaida. An rubuta dalili: rasuwar mai shago. An rubuta rana. Ta karanta mini. Alhamis ɗin nan ce.

Ta samo lambar mai ginin ta hannun sabon ɗan hayar. Tsoho ne. Ta yi masa Faransanci, ni na yi masa yaren garin da ya rage a bakina. Ya ce a ƙofar shagon ne, yana ƙoƙarin sa kwaɗo, rana ba ta kai tsaka ba. Ya ce da idonsa ya gani ta tagar bene. Masu kwasar gawa sun ɗauke shi washegari tare da wasu, bai san inda aka kai su ba. Ya ce bai san yana da iyali a raye ba, da ya nema. Na yi masa godiya. Ban yi kuka ba.

Da safe na cire 'yan kunne, na nemo farin zane, na ce wa Alhaji ya kira mini malamin unguwa zan shiga takaba. Na ji wani sauƙi da na daɗe ban ji ba. Ko ba komai, ga abu ɗaya da zan yi masa da hannuna, tunda ban wanke shi ba, ban ga kabarinsa ba. Malam ya zo ya zauna daga bakin ƙofa, ya yi addu'a, ya tambayi ranar rasuwar. Aka gaya masa. Sai ya ce:

"Hajiya, takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya zo ba. Taki ta wuce tuntuni. Babu komi a kanki."

Na ce ko ramuwa babu? Ya ce babu. Ya faɗa da murya mai taushi, yana ganin albishir yake yi mini. Alhaji ma ya ce alhamdu lillahi, Allah Ya sauwaƙa mini.

Mutane suka zo gaisuwa, aka yi sadaka, aka watse. Da ɗakin ya zama ni kaɗai, na ƙirga da yatsu daga Alhamis ɗin, wata huɗu da kwana goma. Ta ƙare cikin zafin bazara, lokacin mangwaro, shekarar da muka sauka. Na tuna abin da nake yi a watannin. A lokacin waɗanda suka tsere ta hanyar mota suna ta isowa, ni kuwa kullum da safe sai in sa kwalli, in shafa turare, in ari jan leshin matar Alhaji, in tafi tashar Wadata in tsaya inda bas ke sauke mutane, don kar ya sauko ya same ni a yamutse. Har lalle na sa. Ko kwana ɗaya ban zauna masa ba.